Igiyar Sakiu

Sakiu yana juya ƙarfen naɗi, igiya tana fitowa daga ramin da ya sara a ƙanƙarar teku tana daskarewa kafin ta kai hannunsa. Ƙugiya ta farko babu komai. Ta biyu babu komai. Ta goma sha ɗaya ce ta zo da qaleralik, baƙin kifin nan mai faɗi da mai, amma bai fi tsawon takalminsa ba. Ya cire shi ya jefa gefe.

Mamarinsa, doguwar igiyar su, ƙugiya ɗari biyu ne. Da ya gama ja, kifi tara ne a kan ƙanƙara, sai wasu guda shida masu gemu ɗaya a haɓa, irin na ruwan kudu, waɗanda kamfanin garin ba ya saye. Yau kwana uku ke nan haka.

A bayansa ramuka goma sha ɗaya ne a jere, kowane da mai shi a tsaye. Haka ake yi a garin. Idan teku ta daskare, dattijon masunta ne ke fara sara, saura su sara a bayansa, ba mai wuce shi. Shekara goma sha tara Sakiu ne dattijon. Yana sara inda ubansa ya sara, daidai inda tsinin cocin gari ke shigewa cikin tsagar dutse idan mutum ya waiwaya.

Jaaku, ƙanin marigayiya matarsa, ya taho daga rami na biyu yana hura hannu. Ya tsaya a kan kifin ya daɗe yana kallo.

“Yaya, waɗannan ka tambayi uwarsu kafin ka ɗauko su?”

“Nawa ka kama?”

“Huɗu. Amma ni ba a ce da ni dattijo ba.”

Sakiu ya ci gaba da jera ƙugiyoyi a akwati. Jaaku ya rage murya.

“Na ga 'yarka Bolethe da safe. Ta ce manajan kamfani ya tara su. In Juma'a ta yi ba a kawo kifi ba, zai rufe sai bazara. Mata goma sha huɗu, har da ita.”

“Na ji.”

“Yau Laraba.”

“Na ce na ji. Ina da kalanda a gida.”

Can sai ga yarinyar da ta zo daga Nuuk, babban birnin ƙasar, a kan babur ɗin ƙanƙara. Sunanta Paninnguaq, ma'aikaciyar ofishin binciken kifi ce. Kwananta goma a garin tana bin masunta rami rami tana roƙon su bar mata cikin kifi, har yara suka sa mata suna Mai Tumbi. Ta kashe injin nesa da karnukan Sakiu, don ranar farko ya yi mata tsawa a kan haka.

“Sannu da aiki, Baba Sakiu. In duba?”

Ya ɗaga kafaɗa. Ta durƙusa, ta cire safar hannu, ta tsaga kifin ɗaya bayan ɗaya. Hannunta ya iya wuƙa, wannan ya yarda da shi a ransa. Ta matse tumbi na farko, ruwa ne ya fito. Na biyu haka. A na biyar ta sami ɗan jatan lande guda, ta rubuta a littafi.

“Yunwa suke ji, Baba.”

“Kifi ba ya jin yunwa a teku.”

“Waɗannan suna ji.”

Ta ciro ƙaramar kwalba daga aljihu ta miƙa masa. Bai karɓa ba, amma ya kalla. Cike take da 'yan baƙaƙen abubuwa masu lanƙwasa kamar bakin aku. Ya san su. Bakin amikoq ne, halittar nan mai hannuwa goma da qaleralik ke ƙiba a kanta. Naman yakan narke a cikin kifi, bakin ya saura.

“Daga kifi biyu kacal na ciro su,” in ji ta. “Kowane ya kai ƙuguna.”

“A ina?”

“Bayan tsibiri, inda ƙasan teku ya rufta. Na zura na'urar auna ruwa a nan, na zura a can. Ruwan nan ya canja, Baba. Amikoq ya bar shi ya koma zurfi, manyan kifin suka bi shi. Masu gemun nan ne suka shigo gurbinsu.”

Sakiu ya miƙe tsaye sosai.

“Kin sara rami a bayan tsibiri.”

“Ƙarami ne. Na na'ura.”

“Na'ura ce ta kama kifi biyu?”

“Na ɗaura ƙugiya goma a jikinta.”

“Kin riga ni sara.”

“Ban san ba a yi ba, Baba. Daga baya aka gaya mini. Ka yi haƙuri.”

“Ƙanƙarar can ta kai kamu huɗu. Da wannan hannun kika fasa ta?”

Jaaku ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

“Jaaku.”

“Yaya, yarinya ce baƙuwa, ta ce in riƙe mata dagi. Na riƙe. Shi dagin ne ya yi ta faɗawa ƙasa.”

Wani a rami na uku ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

“Kwashi kayanki,” Sakiu ya ce da ita. “Shekara sittin ina su a nan. Ba a nuna mini kifi a kwalba.”

Ta goge wuƙarta a ƙanƙara, ta mayar da kwalbar aljihu, ta koma wajen babur ɗinta. Ba ta tafi ba. Ta zauna a kai tana shan kofi daga fulas. Jaaku ma ya koma raminsa.

Sakiu ya zauna a bakin amalanken karnukansa, ya ba mutane baya. Akwai kifi ɗaya da ya tura ƙarƙashin buhu tun kafin ta iso, shi ne babba a cikin taran. Ya jawo shi, ya tsaga, ya sa yatsa biyu cikin tumbin ya laluba har ƙarshe. Babu komai.

Bai yi mamaki ba. Tun bara ya lura. A da in ya tsaga kifin ramin nan, bakin amikoq kan soki yatsa. Bara ya tsaga ashirin kafin ya ji ɗaya. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce wa kansa shekara ce, za ta wuce. Bana da ya ɗauki dagi ranar farko, ya tsaya ya dubi wajen tsibiri, sannan ya waiwaya ya nemi tsinin coci, ya sara inda ya saba.

Ya dubi garin. Hayaƙi na tashi daga bututun kamfani. Bolethe tana ciki a tsaye da wuƙa, ita da sauran, suna jiran abin da za a kawo.

Ya yanka masu gemun gida biyu biyu ya jefa wa karnuka. Da suka gama ci ya ɗora akwatin ƙugiya da ƙarfen naɗi a amalanke, ya ɗaure, ya warware igiyoyin karnukan. Ya daka musu tsawa ɗaya, suka miƙe, ya juya su wajen tsibiri.

Tafiyar ta ɗauki fiye da awa. Sau uku yana sauka yana gwada ƙanƙara da dagi, ta amsa da ƙarfi. Bai waiwaya ba, amma yana jin haushin karnukan wasu a bayansa, da ƙarar babura a hankali, ba mai wuce shi.

A bayan tsibiri ya ga ɗan ramin yarinyar, ya sake daskarewa, an kafa masa sanda. Ya wuce shi da taku talatin, sannan ya tsayar da karnuka. Ya sara shi kaɗai. Kafaɗarsa ta hagu tana ciwo tun kaka, bai bari a gani ba. Da ruwa ya ɓullo baƙi ƙirin, ya kwashe ɓarɓashin, ya kafa ƙarfen naɗi, ya ɗaura dutsen nauyi a bakin igiya don ya ji ƙasa.

Mutanen suka tsaya nesa kaɗan, kowa da daginsa a hannu. Ba a sara sai dattijo ya taɓa ƙasa.

Igiya ta yi ta tafiya. Ƙullin gaba ɗari ya wuce, na ɗari biyu ya wuce. A tsohon ramin, ɗari uku da ashirin ake taɓa ƙasa, igiyarsa kuwa ɗari uku da hamsin ce, bai taɓa buƙatar ƙari ba. Ƙullin ɗari uku ya shige ruwa. Ya rage gudun da tafin hannu. Ƙarshen igiya ya zo, ta miƙe ƙam, dutsen yana lilo a can ƙasa bai taɓa komai ba.

Mutanen suka tsaya cak suna kallon igiyar. Har karnuka sun kwanta.

Sakiu ya daɗe riƙe da igiyar. Sannan, ba tare da ya juya ba, ya ɗaga murya.

“Ke, 'yar Nuuk.”

“Na'am, Baba.”

“Gaba nawa ne nan?”

“Da awon ku, ɗari biyar. Ko da 'yan kai.”

Ya gyaɗa kai. Ya dubi ƙarfen naɗinsa da ya zama fanko.

“Jaaku. Kawo igiyarka.”

Jaaku ya taho da ita a kafaɗa, yana tafiya a hankali don kowa ya gani.

“Yaya, ara kake ko ƙwace?”

“Ajiye.”

“Shekara arba'in da ɗaya da ka auri yayata, ko ashana ba ka taɓa nema a wurina ba. Bari in zauna, kaina na juyawa.”

Sakiu ya karɓi bakin igiyar, ya murza ta a yatsa, ya ɓata fuska.

“Wannan a bola ka tsinto ta?”

“A bola. Amma doguwa ce.”

Ya cire safar hannu, ya haɗa bakin biyu, ya ƙulla, ya ja da ƙarfi har sau biyu. Ya saki. Ƙullin ya shige ruwa, igiyar Jaaku ta bi shi, gaba bayan gaba. Paninnguaq ta matso ta tsuguna a bakin ramin tana ƙirgawa a ƙasan murya. Bai kore ta ba.

Tana cewa ɗari biyar da goma sha biyu, igiyar ta yi laushi a hannunsa. Ya ɗaga ta kaɗan, ya sake. Ƙasa ce.

Ya ɗaga hannu ɗaya sama. A bayansa dagi goma sha ɗaya suka fara sara. Ya jawo akwatin ƙugiya, ya zauna, ya fara sa koto.