Waɗanda Suka Ambaci Farfesa

Saura mako uku Farfesa ya yi ritaya sai jami'a ta aiko masa da takarda, wai ya rubuta shafi ɗaya kan tasirin bincikensa, za a karanta a taron ban kwana. Shafi ɗaya! Shi da yake ganin littafi guda ma ya yi masa kaɗan.

Shekara talatin ya yi yana leƙen ƙwayoyin cuta da tsutsar ciki a ɗakin gwaji, amma da takarda ɗaya yake tinƙaho. A cikinta ya sanar da duniya cewa ya gano ƙwayar gado ta bakteriya zaune daram a jikin wata tsutsa, wai tsutsar ce ta aro ta tun zamanin da. Masu bincike sun ambaci takardar nan sau ɗari shida da goma sha biyu. Lambar wayar matarsa takan ɓace masa, wannan kuwa ko daga barci aka tashe shi zai faɗe ta. Kullum sai ya duba ko ta ƙaru kafin ya sha shayin safe.

Da yake an yi masa aikin ido, likita ya hana shi kallon kwamfuta, sai ya kira 'yarsa Auta, wadda lauya ce, ta zo ta zama idonsa. Ya kishingiɗa a falo da baƙin tabarau, ya harɗe ƙafa.

"Buɗe waɗanda suka ambace ni, ki tsamo mini yabo uku. Kada ki ɗauko masu zuzutawa da yawa, ba na son a ce na cika baki."

Auta ta buɗe ta farko, ta karanta a zuci, ta sake karantawa.

"Karanta mana."

"Baba, sun ce, 'Saɓanin abin da aka ruwaito a wannan takarda, ba mu ga komai ba.'"

"Hassada ce. Wuce."

Ta biyu ta ce bakteriyar ba daga tsutsar take ba, daga ruwan da aka wanke ta ne. Ta uku babi ce a littafin koyar da ɗalibai, an sa hoton sakamakonsa babba, a ƙasa an rubuta: misalin yadda ƙazantar kayan aiki take yaudarar mai bincike. Suka kai ta ashirin ba a samu ko sannu da aiki ba. Farfesa ya sauke ƙafarsa.

"Baba, tsakani da Allah, ka taɓa karanta su?"

Bai taɓa ba. Ƙirga su yake yi. Nan take ya tuna ranar da ya yi gwajin. Akwai kwalbar da ake zuba wa ruwa zalla, babu tsutsa, don a tabbatar kayan aiki tsaf suke. Ya tsallake ta saboda yana saurin kama jirgi zuwa taro, ya ce in ya dawo zai yi. Da ya dawo kuwa tafi ya riga ya cika masa kunne.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, kuma a gaban yarinyar da ya sha yi wa faɗa kan sa hannu a takarda ba tare da ta karanta ba. Sai ga dariya ta kuɓuce masa, har ɗinkin idon ya yi zafi.

"Ashe shekara ashirin ana nuna ni a aji kamar hoton mai tarin fuka a bangon asibiti, ni kuwa ina nan ina gyara hula."

"Amma ka ga, Baba, nan sun ce tun daga lokacin babu mujallar da ke karɓar irin aikin sai da kwalbar nan. Ko mu rubuta yawan ambaton kawai? Wa zai bincika?"

Ya so hakan, wallahi ya so. Ya hango zauren taro, da matarsa a sahun gaba, da tsofaffin ɗalibansa waɗanda tabbas sun sani tuntuni suka yi gum da bakinsu.

"A'a. Rubuta cewa na yi kuskure, duniya ta gyara, ni ne na ƙarshen ji." Ya ɗaga tabarau ya share idon da ba a yi wa aiki ba. "Saura nawa ba mu karanta ba?"

"Ɗari biyar da casa'in da biyu."

"To gyara zama. Karanto ta gaba."