Takardar Yaya Farfesa

Yaya Farfesa bai taɓa koyar da kowa komai ba. Tayoyin mota yake sayarwa, yawan iyayi ne ya jawo masa sunan. Da hawan jini ya kama shi, sai ya tofa yawu a 'yar kwalba ya aika wa wani kamfani, suka dawo masa da takarda wai ƙwayoyin halittarsa sun fi jituwa da wani farin magani. Ya sa ta a firam ya rataye a falo, sai ka ce digiri ya ciyo.

Ƙanwarsa tela, wadda ke kula da mahaifiyarsu, ta tarar ya kwashe maganin hawan jinin da likita ya rubuta wa tsohuwar, ya ajiye mata irin nasa.

"Yaya, ai kai aka gwada, ba Mama ba."

"To daga ina na samo jinin? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ke dai tsaya a kan kekenki."

Ta haɗiye maganar don yaya ne, amma haushi ya cika ta. Ita da ko tagwaye aka kawo mata ɗinki sai ta auna kowa daban! Kullum da safe takan ɗaura wa Mama na'urar auna hawan jini, ta rubuta lambar a bayan littafin awon ɗinki, lambar kuwa sai hawa take. Ta nuna masa, ya ce batir ne ya yi sanyi. Ta sake batir, ya ce na'urar jabu ce.

Ranar da kofi ya suɓuce daga hannun Mama, bakinta ya karkace, suka garzaya asibiti. Yaya ya biyo su da firam a hammata.

Likitar ta dubi takardar sama-sama ta ce, "Malam, rabin ƙwayoyin halittarka ne kawai ka gada daga wajenta. Ko a kanka ma wannan takardar hasashe ce, awo ke nuna ko magani ya karɓi mutum. Wa ke auna ta?"

Tela ta miƙa littafin. Likitar ta bi lambobin da yatsa, sannan ta ɗago.

"Baiwar Allah, sati uku kina ganin wannan, kika zauna?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe tela. Ta kama hannun Mama na dama ta matsa, hannun bai matsa nata ba. Daga baranda tana jiyo Yaya a waya, yana bayyana wa wani cewa likitocin nan an bar su a baya.