Gefen da Aka Yanke

Zayyanu ya danna faifan a karo na huɗu, kwamfutar ta sake yi masa abin da take yi tun safe: murya tangaran, allo kuwa baƙi ƙirin. Ana jin guɗa, ana jin kukan jinjiri da ƙarar kwanuka, amma ko inuwar mutum babu.

Malam Mode ya karkato daga kan bencin shagon, ya kawo idonsa na hagu dab da allon. Na daman ya daɗe da mutuwa, na hagun ma hazo yake gani.

"Zayyanu, idona na, ko babu komi?"

"Babu komi, Baba. Ba idonka na ba, injin na yaƙ ƙi."

'Yarsa Shamsiyya, wadda ta riƙo hannunsa tun daga Ƙofar Atiku har Tudun Wada, ta sunkuyar da kai. Gobe da safe za a yi wa idon aiki. Likita ya faɗa musu gaskiya: ana iya dacewa, ana iya rasa ɗan abin da ya rage. Shi ya sa tsohon ya kafe sai ya ga fuskar matarsa yau.

Shekara tara ke nan da Zayyanu ya ɗauki wannan bidiyo, lokacin yana sabon mai kyamara, kansa na hayaƙi. Bikin sunan 'yar farin Shamsiyya ne. Da yake a unguwar ya tashi, ya ci tuwon gidan tun yana yawo ba wando, aka bar shi ya shiga cikin gida na ɗan lokaci. Ya ɗauki Malam Mode a kan tabarma da jinjirar a cinya, matarsa Inna Atika na zaune daga gefensa. Da ya kawo aikin, tsohon ya kalla ya haɗe rai. Bidiyon zai je wa 'yan uwa a Legas, zai shiga hannun abokan kasuwa.

"Iyalina ba ta shiga wayar maza," ya ce. "Yanke ta."

Zayyanu ya yanke. Ba wani abu ba ne, rabin abincinsa a garin nan daga irin wannan yankan yake fitowa. Ka ja layi, ka matse hoton, mace ta fita, maigida ya cika allo. Abin da ya rage na Inna Atika shi ne hannu mai lalle da ke shigowa ta gefen dama yana gyara wa jinjira hula. Wannan yankakken shi ya zaga dangi, shi ne kuma a wayar kowa. Matar ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba in ban da na katin zaɓe, wanda ko ita da ta gani cewa ta yi ba ta san baiwar Allahn ba. Wata huɗu ke nan da rasuwarta.

Abokan sana'a na yi wa Zayyanu tsiya wai shagonsa juji ne, ko matacciyar waya ba ya yarwa. Yau jujin ya yi rana, don a cikin wani tsohon rumbun ajiya ya tono asalin faifan, yadda ya fito daga kyamara. Sai dai samu daban, gani daban. Ya gwada manhaja uku, duk murya kawai. Ya juya faifan zuwa wani tsari, ya fito kore shar da zane-zane, kamar tabarmar roba. Ya ruga shagon maƙwabcinsa mai buga takardu, kwamfutar can ta yi tunani mai tsawo, sannan ta ce ba ta san wannan irin faifai ba.

Ya dawo gumi na bin bayansa. Kunya ta kama shi, kunya mai nauyi, duk da ya san umarni ya bi. Hannunsa ne dai ya ja layin.

"Laihina na, ba naka ba," in ji Malam Mode, kamar ya ji abin da ke ransa. "Ni nac ce a yanke. In bai yiwuwa, hwaɗa man, in tahi gida."

"Baba, dakata. Akwai wuri guda da yar rage."

Kyamarar nan ta zo da manhajarta a kan faifan sidi, kuma a tsohuwar kwamfutarsa ta tebur kaɗai ya taɓa sa ta. Kyamarar ta mutu, sidin ya ɓace, kwamfutar kuwa ya bar wa Irmiya, mai gyara a Unguwar Rogo, ya ciri abin da zai cira. Ya kira shi a waya.

"Tana ƙarƙashin tebur," in ji Irmiya. "Na cire ƙwaƙwalwar da fanka, amma ban taɓa rumbunta ba. Ka zo mu gani."

Zayyanu ya ce tsohon ya jira a shago. Malam Mode ya lalubi sandarsa ya miƙe. Haka suka cusa kansu a keke mai ƙafa uku su uku, rana tsaka, iska na dukan fuska kamar daga bakin murhu.

Irmiya mutumin kudancin Kaduna ne, ya shekara ashirin a Sakkwato yana tayar da injinan da masu su suka yi wa ta'aziyya. Ya durƙusa ya gaida Malam Mode, ya ba shi kujerarsa, ya ba Shamsiyya benci. Sannan ya jawo akwatin, ya kore gizo-gizo, ya aro ƙwaƙwalwa daga wata kwamfuta, ya kafa fankar tebur ta riƙa hura cikinta. Yana danna maɓalli aka ɗauke wuta. Ya fita ya ja janareto.

"Da tsohuwar zuma ake magani, Baba," ya ce da ya dawo. "In ta yarda ta tashi."

Ta tashi, da nishi da gurnani. Zayyanu ya jona rumbun da faifan ke ciki, ya buɗe tsohuwar manhajar, ya yi bisimilla ya danna. Allon ya yi baƙi, ya yi fari, sai ga tsakar gidan Ƙofar Atiku: randa, igiyar shanya, tabarma, mutum biyu a zaune.

Shamsiyya ta toshe baki da mayafi. Irmiya ya fahimci wadda ke kan allon, ya kau da kai ya nufi ƙofa.

"Ina za ka?" in ji Malam Mode.

"Iyalinka ce, Baba. Bari in ba ku wuri."

Tsohon ya yafito shi da hannu. "Zamna, ɗana. Kai kat tashe injin."

Sai dai murnar Zayyanu ba ta daɗe ba. Ya manta yadda Inna Atika ta yi a ranar. Ta ja mayafi har hanci, ta juya wa kyamara ƙeya, hannu kawai take miƙowa. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, hoton na tafiya yana cijewa, ita kuwa ba ta juyo ba. Ya ji kamar ya kashe injin ya huta.

Can jinjirar ta saki fitsari a kan babbar rigar kakanta, fara sol, ta ranar suna. Malam Mode na cikin allo ya ɗaga ta sama yana salati. Inna Atika ta tuntsire da dariya, mayafin ya zame, ta juyo ta dube shi, shi ma ya dube ta. Daƙiƙa huɗu ne, ba ƙari. Shekara tara dangi na kallon tsohon yana murmushi ga bakin allo, babu wanda ya san da wa yake yi.

"Inna!" Shamsiyya ta fashe da kuka. "Baba, ga ta nan, tana dariya!"

Malam Mode ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin. Ya juya kai dama, ya juya hagu. Daga nesa aka ɗauki hoton, fuskar ba ta fi ƙwayar goro ba.

"Ina jin ta," ya ce a hankali. "Ban ganin ta. Hwari-hwari kawai nika gani, ina ji rigata ta."

Zayyanu ya matso kusa da shi. "Ana iya ƙara mata girma, Baba, har ta cika allon. Amma allon bai ɗaukar ku ku biyu. Sai an yanke gefe guda."

"Wane gefe?"

"Naka."

"To mi kaka jira? Yanke ni."

Zayyanu ya ja layin, wannan karon daga hagu. Babbar riga ta fita, hula ta fita, gemu ya fita. Ya rage gudun daƙiƙoƙin nan huɗu, ya ƙara haske. Fuskar ta ɗan dushe saboda girman da aka ƙara mata, amma ita ce: tsagar kumatunta, wushiryarta, idanun da dariya ta matse. Ya adana ta a tsarin da kowace waya za ta buɗe, sannan ya danna.

Tsohon ya rufe mataccen idon da tafin hannu, kamar zai tara wa mai ran ƙarfi. Ya daɗe bai motsa ba. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, bai share ba. A gefen hagu na allon babu abin da ya rage nasa sai hannu guda, riƙe da ƙafar jinjira.

Aka kira la'asar a masallacin bayan shagon. Duk Ƙofar Atiku an san Malam Mode ba ya bari a rufe kiran salla yana zaune. Shamsiyya ta miƙa masa sandarsa, bai karɓa ba.

"Maido ta, Zayyanu," ya ce. "Sau guda."