Shaidar da Sista Ta Bayar

Kowa a unguwar Sista yake ce mata, ko da yake ta daɗe da ajiye farin kayan jinya. Tun da ta yi ritaya take shugabantar kwamitin da ke ba ƙaramar hukuma shawara kan asibitin unguwa. A wani ɗan ɗaki bayan asibitin suke zama, ita da mai kemis da wanzami da wata ungozoma, a kan bencin da aka tokare ƙafarsa da bulo. Ba su da ikon komai sai na baki, amma bakin ya yi aiki. Su suka nace har aka gyara firjin allurar riga-kafi, su kuma suka sa aka ɗauke wani ma'aikaci mai zagin masu naƙuda.

Da labari ya zo cewa za a binciki duk kwamitocin shawara a daidaita su, ba wanda ya kai ta murna. Ga shi kuma ɗan wanta, wanda ya tashi a hannunta, shi ne sakataren masu binciken. Ya zo har gida ya ce, "Goggo, ki zo ki faɗi abin da kika sani, kada ki rage komai. Irinki muke nema."

Ba ta kuwa rage ba. A zauren sakatariya, ƙarƙashin wata fanka mai juyi kamar an tilasta mata, ta tsaya gaban dogon tebur ta zazzage cikinta. Ta ce kwamitin matasa duk masu furfura ne, wasu har da jikoki. Ta ce shugaban kwamitin ruwa ya bar garin tun tuni, ko famfon da ya mutu bai sani ba. Kwamitin kasuwa kuwa, na wani ɗan siyasa da ake wa laƙabi da Sai-gobe, ba ya haɗuwa sai ranar ɗaukar hoto. Zauren ya ɗauki dariya, ɗan wan nata yana ta rubutu yana gyaɗa kai. Ta koma gida zuciyarta wasai.

Da sakamako ya fito, sai ga shi an rushe kwamitocin gaba ɗaya, masu aiki da masu barci. A madadinsu an kafa majalisar shawara guda, da doka ɗaya ga kowa: wakili ɗaya daga kowace mazaɓa, zama a sakatariya kawai, wanda kuma shekarunsa suka kai na ritaya ba ya shiga. Sista ta fita ta wannan ƙofar, ungozoma da wanzami suka bi ta. Sai-gobe ya samu kujerar mazaɓarsu, aka kuma ɗora masa ɓangaren lafiya. Ranar da aka sanar, shugaban ƙaramar hukuma ya yaba mata a bainar jama'a, ya ce shaidarta ce ta buɗe musu ido.

Yabon nan ne ya ƙarasa ta. Tsofaffin 'yan kwamitoci suka daina amsa gaisuwarta. Mai kemis, wanda suka yi shekaru suna zama benci ɗaya, ya miƙo mata maganin hawan jininta yana kallon bango. Wanzami kuwa ya bi gari yana cewa ita ta kashe su da bakinta.

Da ɗan wan nata ya zo duba ta, ko kujera ba ta nuna masa ba.

"Ka san haka za a yi, ka sa na je na yi ta surutu?"

"Goggo, doka ba ta zaɓe. In muka bar naku, kowa zai ce a bar nasa."

"To me ya sa kuka tambaye mu wa ke aiki, wa ke barci?"

Ya yi ta juya makullin motarsa a hannu. Can ya ce ai ƙofa a buɗe take, duk mai koke zai iya zuwa ranar sauraron jama'a.

Matan unguwa ba su daina zuwa gidanta ba. Wata ta ce an koma rufe asibitin tun kafin rana ta yi tsaka, wata ta ce ta kai yaronta da zazzaɓi ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Sista ta yi ta cewa yanzu ba ita ba ce, har abin ya ishe ta. Ranar sauraron jama'a ta shirya ta tafi sakatariya, ta zauna a kujerun baya tare da masu koke.

Da layi ya zo kanta, Sai-gobe ya tashi tsaye ya ce a tafa wa uwarsu, uwar gyara, aka kuwa tafa. Ta fara maganar kwaɗon asibiti, sai ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Mama, a yi haƙuri, yau babu batun lafiya a tsarin zama. Sai zama na gaba."

Ta waiwaya ta dubi ɗan wanta a gefen tebur, ya sunkuyar da kai. Ta ɗauki jakarta ta fita. A bakin ƙofa matar nan mai yaro da zazzaɓi na jiranta, ta tambaye ta me suka ce. Sista ta ce mata ta kawo yaron gida, ita za ta duba shi da kanta, su wuce kawai.