Janar, Zakaran Nna Wardiya

Saura kwana biyu Yennayer, sabuwar shekarar mutanen dutsen Kabil, Nna Wardiya ta yanke hukunci a gaban murhu: bana ba za a yanka zakara a gidanta ba.

"Wane irin ba za a yanka ba?" in ji mijinta Arezki, yana gasa tafin hannu. "Tun kaka da kakanni namiji zakara ake yanka masa, mace kaza. Ni da gemuna za ki ba kaza?"

"Da gemun naka ka kashe min zakaru biyu, tsoho. Ka riga ka cinye rabonka, har da na ɗanka."

Gaskiyarta ce kuwa. A farkon sanyi ta sauka gari duba ƙanwarta, ta kwana uku. Tausayin kaji ya kama Arezki, ya samo leda ya naɗe akurkin ruf, ko kafar allura bai bari ba. Numfashin kajin ya taru ya zama danshi, danshin ya daskare a zankon zakarun. Da ta dawo ta tarar biyu sun mutu, saura Janar, jan zakara mai tafiyar ƙasaita.

Ranar ƙauyen nan kowa ya ji muryarta. Ta yage ledar, ta buɗe kafa a can sama kusa da rufi don tururi ya riƙa fita, ta shimfiɗa ciyawa mai kauri a ƙasa. Kullum da yamma sai ta shafa wa zankon Janar man zaitun. Da safe ta dama dusa da ruwan zafi, ta barbaɗa barkono, ta fasa ƙanƙarar da ta kwana a kwanon ruwansu. Shi ya sa lokacin da kajin maƙwabta suka daina ƙwai, ita tana kwasar shida ko bakwai a rana. Ba ta ɓoye jin daɗinta, da kwandon ƙwan a buɗe take wucewa ta ƙofar gidajensu.

Janar jinin zakaran da mahaifiyarta ta ba ta ne ranar da aka kawo ta gidan nan. Zakarun kasuwa ba sa jure sanyin dutse, na ƙauye kuma duk tukunya ke jiransu. In aka yanka shi, ba 'yan tsaki in sanyi ya wuce, irin mahaifiyarta ya ƙare ke nan. Arezki ya yi mita har ya gaji, ko gezau ba ta yi ba.

Ranar jajibere da hantsi ta shiga akurki da Dahbiya, matar ɗanta Lunis, don su zaɓi tsofaffin kaji huɗu da suka daina ƙwai. Shekara takwas Dahbiya ke gidan, Allah bai ba ta haihuwa ba. Wardiya ba ta taɓa yi mata gori ba, matar da ta kuskura ta tayar da zancen a bakin famfo kuma ba ta sake marmarin yi ba.

"Riƙe min wannan mai wake-waken, 'yata. Ta gama aikinta a duniya."

Dahbiya ta karɓi kazar, ta tsaya tana shafa bayanta, kanta a ƙasa.

"Inna, ni dai bana kaza kaɗai ba za ta ishe ni ba."

"Af! Ke ma kin koma bayan tsohon nan? Me ya ba ki, ɓaure?"

"A'a, Inna. Ina nufin... a haɗa min biyu."

Wardiya ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tuna wani abu. A al'adarsu mace ɗaya ce ake haɗa wa biyu, kaza da zakara: mai juna biyu, tunda ba a san wanda ke tafe ba.

"Wata nawa?"

"Uku."

"Uku! Kina ɗibar min ruwa a kan ƙanƙara, ki yi shiru da bakinki? Zauna! Zauna nan kan buhun!"

Hawaye ya zubo wa Wardiya, ta goge da bayan hannu mai dusa. Sannan ta juya ta dubi Janar yana tono a cikin ciyawa, zankonsa na sheƙi. Zuciyarta ta yi zafi ƙwarai, ba ta kuma yi wa kanta ƙarya ba. Amma kanta ya riga ya fara aiki. Kaza takan riƙe barbarar zakara kamar kwana goma. Ƙwan gobe da na jibi duk masu rai ne. Za ta tara su cikin ulu, ta sa wa baƙar kazar nan mai son kwanci, ta kawo kwandon kusa da murhu.

"Inna, ko a bar shi? Ba dole ba ne."

"Rufe min baki. Ba a taɓa ƙyanƙyasa a tsakiyar sanyi a ƙauyen nan ba, to daga gidana za a fara."

Da kanta ta kama shi, ta rungume shi a ƙirji ta fito. Arezki na dokin ƙofa yana wasa wuƙa. Da ya hango jan zakara sai ya washe baki.

"Yawwa, tsohuwa! Ashe dai kin san darajar maza."

"Ba naka ba ne. Kai kazarka za ka ci."

"To na Lunis?"

"Shi ma kaza."

Ya ƙirga kajin da ke ɗaure a ƙasa, huɗu, ya dubi zakaran, ya sake ƙirgawa. Sannan ya ɗaga kai ya ga Dahbiya a bayan surukarta, ta rufe fuska da gefen gyale. Hawaye ya cika masa ido.

"Ka daina kuka ka yi bisimilla, tsoho," in ji Wardiya, tana miƙa masa Janar. "Kuma ka yanka da kyau. Jikanmu ne zai ci."