Juyen Man Fijon Baba

Tun ina yarinya na san akwai abubuwa biyu da ba a taɓa wa Baba a gidanmu na Kwaciri: rediyonsa da sifanarsa. Rediyon ma in ka ci sa'a yakan yi maka afuwa. Sifanar kuwa, wadda yake kwance notin man motarsa Fijo da ita, a ƙarƙashin gadonsa take kwana, naɗe cikin tsohuwar singileti.

Malam Hamzat, kamar yadda unguwa ke kiransa, malamin makaranta ne har ya yi ritaya, ba makanike ba. Birki ya ɓaci, zai kai gareji. Wuta ta ɗauke, zai kira mai gyara. Amma juyen mai kam, tun da ya sayi farar Fijon nan babu hannun da ya taɓa yi mata sai nasa.

"Mutum ya miƙo maka galan, ka san abin da ya ɗura a ciki?" haka yake cewa. "Su goge tsohuwar filta da tsumma, su mayar, su ce maka sabuwa ce. Ni da idona, ni da hannuna, me zai kai ni?"

Ranar juye kusan ƙaramar salla ce a layinmu. Kullum Asabar ce da hantsi. Baba Gidiyon, mutumin Wusasa da suka koyar tare da Baba tun suna samari, zai taso daga Sabon Gari da galan ɗin sabon mai, don shi kaɗai Baba ya yarda ya sayo masa. Aikinsa riƙe tocila, da miƙa sifana, da musu. Baba na kwance a kan kwali ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani, suna ta gardama a kan wane ne a cikinsu ya fi iya koyar da lissafi. Maƙwabta kuma su zo da gwangwanaye su yi layi, saboda mataccen man da ya fito. Wani zai shafa wa ƙyaure don gara, wani ya zuba a masai, wani ya ɗiga a kwata don sauro. Baba da kansa yake rabawa, da ludayin ƙarfe, yana tsokanar kowa. Inna Sharifa ta gidan da ke kallon namu ita ce ta farko kullum, da gwangwanin madara.

Ba zan yi ƙarya don ina son mahaifina ba: Baba ya tsufa. Hannunsa ya soma rawa, idonsa na dama ya yi hazo. A juyen da ya yi kafin wanda zan ba da labari, bai ɗaure notin da kyau ba. Man ya riƙa ɗiga a titi tun daga ƙofar gida har Kasuwar Singa, sai da wani mai ɗaukar kaya ya buga masa gilashi ya nuna masa ƙasa. Da an ƙara tafiya kaɗan, da inji ya buga.

Yayana Wali ya ji, ya zo gida da yamma cikin shaddarsa da ke ta ƙamshi. Ina nan, na zo gaida Umma.

"Baba, don Allah a bar wannan wahalar haka," in ji shi. "Akwai wuri a Sabon Gari, rami gare su, motar ake hawa da ita kai. Ka zauna a inuwa, kafin ka shanye lemo sun gama. Ni zan riƙa biya."

"Na ce maka kuɗi ne ba ni da su?"

"Ba haka nake nufi ba. Mutane na gani, Baba. Sai a ce muna da hali mun bar ka kana birgima a ƙasa."

Baba ya dube shi ya ce, "Da birgimar nan aka kai ka jami'a. Ranar da na kasa kwance notin nan da hannuna, ni da kaina zan miƙa maka mukulli. Kafin nan, ka bar ni."

A zaure na tare Yaya Wali. Na ce masa maganar ai mai sauƙi ce: ya riƙa zuwa ranar juye, ya sa tsofaffin kaya, ya kwanta kusa da Baba. In Baba ya ɗaure, shi ya ƙara murɗawa, shi ke nan. Ya dubi agogo ya ce, "Raudha, Asabar fa ranar ɗaurin aure ce, ina nake da lokaci?" Gaskiya ya faɗa. Yaya Wali bai taɓa rasa ɗaurin auren ɗan babban mutum ba a garin nan.

Da damina zazzaɓi ya kayar da Baba, ya yi kwanaki bai fita ba. Yaya Wali ya zo duba shi, ya ɗauki mukullin daga jikin ƙusa, ya ce zai ɗan zaga da motar kada batir ya mutu. Baba har albarka ya sa masa. Ni ma a raina na ce ashe Yaya ya soma hankali.

Da Baba ya miƙe, abin da ya fara cewa shi ne juye ya yi latti. Ya buga wa Baba Gidiyon waya, aka sa Asabar. Na zo da ɗanwake a kula, don na san shi suke so in sun gama.

Tun da Baba Gidiyon ya sauko daga adaidaita na ga ba daidai yake ba. Ya ajiye galan, ya gaisa sama-sama, ya ce, "Hamzat, jikinka bai gama warwarewa ba. Mu bar shi sai wani watan mana."

"Kai dai ka ce tsufa ya hana ka durƙuso. Riƙe tocila."

"Da gaske nake. Man nan zai iya kai mu wani watan."

"Kai ka sha shi da za ka sani?"

Aka yi dariya. Mutane sun riga sun taru, Inna Sharifa a gaba. Yaya Wali ma sai ga shi, ya tsaya daga nesa jikin motarsa, zai wuce ɗaurin aure. Ashe Baba Gidiyon ne ya kira shi, ya ce ya zo ya hana. Ya zo ɗin, amma bai hana ba.

Baba ya shimfiɗa kwali, ya yi bisimilla, ya shige ƙarƙashi da daro da sifana. Muka ji ƙarfe ya kama ƙarfe. Sai shiru. Sai nishi. Ƙafafunsa suka tokare ƙasa, silifas ɗinsa ɗaya ya fita. Notin bai motsa ba.

Daga baya na sani, ashe ranar da Yaya Wali ya ɗauki mukulli, shago ya kai motar aka yi mata juye, su kuwa da inji suke ɗaure noti. Baba bai sani ba. Abin da ya sani shi ne notin da ya ɗaure da hannunsa yau ya gagare shi, a gaban unguwa, a gaban ɗan da ya yi wa alkawarin mukulli. Ya sake gwadawa, sifanar ta zame, ya daki ƙarfe da bayan hannu. Na ji muryarsa daga ƙarƙashi, ƙasa-ƙasa, ba da kowa yake ba: "Ashe zazzaɓin nan ya cinye ni haka?"

Wallahi har yau in na tuna wannan maganar sai na ji zuciyata tana tafasa. Mutane biyu na tsaye a wurin da suka san ba ƙarfinsa ne ya ƙare ba, kuma babu wanda ya ce uffan.

Wani maƙwabci ya ce, "Malam, a taimaka ne?"

"Kada wanda ya taɓa min mota."

Ya ce a miƙo masa guntun bututun ƙarfe. Ya zura a ƙotar sifanar, ya sa hannu biyu, ya ja da duk abin da zazzaɓi ya bar masa. Notin ya yi ƙara ya saki. Har wasu suka tafa.

Man ya zubo cikin daro. Ba baƙi ba. Garau yake, ja-ja, kamar man gyaɗan da aka sayo yanzu. Hasken tocila na bi ta cikinsa.

Inna Sharifa, da ba ta san komai ba, ta leƙa ta ce, "Ikon Allah! Malam, yau man naka bai ƙone ba?"

Baba ya tara yatsa, ya murza, ya kai hanci. Ya miƙa hannu ya shafa filta, ya ji ta sumul, babu ko ƙura. Ya daɗe a kwance a wurin, man na ta zuba, har ya koma ɗigo. Sannan ya jawo jiki ya fito. Bayan hannunsa na jini, rigarsa ta jiƙe da gumi.

Bai dubi Yaya Wali ba. Wajen Baba Gidiyon ya juya.

"Wane shago?"

Baba Gidiyon ya kashe tocila. "Na Cyprian. Cocinmu ɗaya, ba ya sayar da jabu. Yaron nan ya zo ya same ni, ya ce ko da ni ko babu ni zai kai. Na ce to gara a kai inda na sani."

"Kuma ka sayo galan ka taho."

"Na rasa yadda zan gaya maka, Hamzat."

"Ka riƙe min tocila ina neman kashe kaina."

Baba Gidiyon ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin Yaya Wali ya matso, yana tattare bakin riga kada ta taɓa daro. "Baba, don lafiyarka na yi. Abin da ya faru a Singa..."

"Na gode," in ji Baba.

Ya koma ƙarƙashi ya mayar da noti. Ya fito ya buɗe gaban mota, ya sa mazurari, ya shimfiɗa tsumma mai tsabta a kai, ya tace man da ke daro ya mayar da shi inda ya fito, don Baba ba ya ɓarna ko yana cikin fushi. Ya juya wajen masu gwangwanaye ya ce su yi haƙuri, yau babu. Suka watse a hankali. Inna Sharifa ta ɓoye gwangwaninta cikin mayafi kamar ita ta yi laifin.

Sannan ya goge hannu, ya ciro mukulli, ya miƙa wa Yaya Wali da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"Ga shi, Alhaji. A riƙa kai ta inda ya dace."

"Haba Baba, ai ka kwance notin. Ba ka kasa ba."

"Na kwance. Amma ai kun riga kun gama shawara ina kwance."

Ya ɗauki galan ɗin da ba a fasa ba, ya ajiye a gaban Baba Gidiyon, ya shige gida. Ɗanwaken nan haka na koma da shi.

Tun daga ranar Baba bai sake tuƙa motar ba. In zai je asibiti ko karɓar fansho, direban Yaya Wali ke zuwa ya ja shi a cikinta, yana zaune a baya kamar baƙo. In lokacin juye ya yi, direban ya kai ta Sabon Gari, ya dawo da ita an wanke, an manna wata 'yar takarda a gilashi. Ba zan ce aikinsu ba shi da kyau ba. Motar lafiyarta ƙalau, ko ɗigo ba ta yi, kuma wannan ma haushi yake ba ni. Baba Gidiyon ya zo sau da dama. Baba yana karɓarsa da mutunci, a kawo ruwa, a tambayi iyali, sai zance ya ƙare. Babu musu, babu lissafi. Tun yana zuwa har ya koma aike.

Yaya Wali ya ga Baba na ramewa, ya tambaye ni me zai yi. Na ce ya mayar da mukullin, ya sayi tsohon wando, ya zo ranar Asabar. Ya ce zai duba. Abin da dubawarsa ta haifar shi ne, wata ranar Juma'a bayan masallaci ya shigo zaure, direba na biye da shi ɗauke da jarka.

"Baba, na ji maƙwabta na kewar man nan. Na sa Cyprian ya cika maka jarka. Sai ka raba musu kamar da."

Yana murmushi yake faɗa, shi a dole ya gano bakin zaren. Har ya sa an kira Inna Sharifa, ta zo da gwangwaninta tana tsaye a bakin ƙofa.

Baba na zaune a tabarma. Ya jawo jarkar, ya buɗe, ya tsoma yatsa. Baƙi ƙirin, mai kauri. A shagon, duro ɗaya gare su da suke juye na kowa a ciki, na tasi, na janareto, na duk wanda ya zo. Baba ya murza shi a tsakanin yatsunsa, ya shinshina, ya goge a gefen tabarma. Ya mayar da murfin, ya ɗaure shi tam da hannun nan mai rawa, ya tura jarkar gaban ɗansa.

"Wannan ba na motata ba ne, Alhaji. Kai ka raba."