Shatin Hannu a Ɗanyen Fenti

Ni dai ban taɓa ɓoye wa kowa ba, ina tsoron fatalwa. Ka ɗora ni a kan tsani, bene hawa uku, iska na kaɗa ni, zan shafa maka fenti ina fito. Amma ka ce mini wani ya mutu a ɗakin nan, to ka gama da ni. Tun tuni abokan aiki suka laƙaba mini Farar Kura, har matata ma in na ɓata mata rai da shi take kirana.

Yayan matata ɗan kwangila ne, a ƙarƙashinsa nake cin abinci. Sau biyu ina tserewa in bar masa aiki rabi da rabi, na biyun ma labule ne kawai ya motsa. Ranar Litinin ɗin da ya kai ni wannan gida, sai da ya riƙe mukullin a sama kafin ya sakar mini.

"Ka ga, albarkacin ƙanwata kake ci, ga ta da tsohon ciki. Ɗaki uku ne da falo da wannan dogon lungu. Ranar Asabar masu haya za su tare. Ka sake guduwa, wallahi ko akurkin kaji ba zan ƙara ba ka ka shafa ba."

Na ce, "Yaya, wa ke zaune a gidan a da?"

"Ina ruwanka?"

"A'a, don dai in sani."

"Wata tsohuwa ce, wata biyu ke nan da rasuwarta." Ya dube ni, sai ya yi maza ya ƙara da cewa, "A asibiti ta cika."

Wannan saurin da ya yi bai kwanta mini ba. Amma na karɓi mukullin, don mai nema ba ya fushi.

Mu masu fenti ba ma buɗe bokiti ranar farko. Sai ka bi bango ka zare duk wata ƙusa, ka cike ramukan, ka goge da samfefa har ya yi sumul. A gidan nan kuwa na sha zarar ƙusa. Tun daga ƙofar baya, ta cikin lungun, har ɗakin ƙarshe, an jera su daidai ƙugun mutum, an bi su da wata igiya da ta yi baƙi ƙirin don dauɗa. Na ce ikon Allah, wace irin shanya ce wannan a ƙasa-ƙasa, ko wada ce tsohuwar? Na tsinke igiyar na watsa a shara, na zare ƙusoshin tas.

Ranar Talata na yi wa lungun shafin farko, fari sol. Da rana ta take na kulle ƙofar gaba, na hau babur ɗina na tafi cin abinci bakin titi. Awa ɗaya na yi. Ina dawowa na buɗe ƙofa, sai idona ya faɗa kan bangon lungun.

Shatin hannu ne a jikin ɗanyen fentin. Hannun dama, yatsu biyar cif. Ya taso daga ƙofar baya, ɗaya bayan ɗaya, yana bin bango, wani wurin a dafe, wani wurin an ja shi. A bakin ɗakin ƙarshe kuma an dagula wajen gaba ɗaya, sama da ƙasa, kamar ana laluben wani abu. Na taɓa ƙofar baya da ƙafa. A kulle take gam.

Har na kai bakin babur sai na tuna da fuskar Yaya. Na tsaya ina haki, can sai raina ya ba ni mutum ɗaya: Shokin. Shi ne mai gyaran wutarmu, yana da mukulli, kuma shi ne ya taɓa lulluɓa da farin zanen gado ya faɗo mini daga cikin silin. Na kira shi a waya na ce ya zo yanzu-yanzu, wata waya na tartsatsi.

Yana shigowa na cafke hannunsa ina dubawa.

"Kai, lafiya? Duba za ka yi mini?"

"Munafuki, ina ka wanke fentin?"

Na ja shi lungun na nuna masa. Ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗaga hannun damansa ya kara a jikin shatin. Na manta shaf, yatsu huɗu gare shi, injin ya cinye ɗaya tun yana koyon aiki. Dariyar ta ɗauke. Ya dubi bangon, ya dubi ɗakin ƙarshe, ya ce shi fa ya riga ya gama nasa aikin a gidan nan, Allah ya ba da sa'a. Ko waiwaye bai yi ba.

Duk da haka ban wanke shi ba. Mai yatsu huɗu ai yana da abokai masu biyar.

Na tsallaka wajen mai shagon da ke kallon gidan, na sayi ruwa don in samu bakin magana. Na ce, "Ashe tsohuwar gidan can a asibiti ta rasu, Allah sarki."

Ya ce, "Asibiti? In ji wa? A kan gadonta ta cika, a ɗakin nan na ƙarshe. Da tsakar rana ma kuwa. Ai mijin..."

Ban tsaya jin sauran ba, na bar masa ruwan a kan kanta. To, ashe Yaya ƙarya ya shirga mini. Sai zargina ya koma kansa. Wa ya sani ko ya gaji da ni ne, yana neman hanyar da zai yakice ni ba tare da ƙanwarsa ta ga laifinsa ba? Ya kawo ni gidan mutuwa, ya turo wani ya dagula bango, ni kuma in ari na kare da ƙafata. Shi ke nan, ya huta.

Ranar Laraba na goge shatin na sake shafawa, ina yi ina karanto duk addu'ar da na iya, rediyona a ƙure. Na fita cin abinci, na dawo. Ga shi nan kuma, a layin jiya, kamar an auna. Wannan karon har da wani ƙamshin man zafi a cikin lungun, irin wanda tsofaffi ke shafawa a gwiwa. Wane ɗan iska ne zai yi wasa har ya tuna da man zafi?

Da yamma na faɗa wa matata. Tana zaune ta miƙe ƙafafu da suka kumbura, ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "To Farar Kura, ni dai ba zan ƙara zuwa gaban Yaya ina ba da haƙuri ba, bakina ya gaji. Ka zaɓa, ko fatalwa ko ni."

Maganar ta yi mini zafi, don na san gaskiya ta faɗa. Kunya ta kama ni sosai.

Ranar Alhamis na shirya. Na sake shafe lungun. Da rana ta take na fito na kulle ƙofar gaba da ƙarfi yadda duk mai laɓe zai ji, na tayar da babur na ba shi wuta, na zagaya bayan layi na ajiye shi wajen mai faci. Na dawo da ƙafa ina sanɗa, na haura ta tagar ɗakin ƙarshe da na bari a buɗe. Na tsaya bayan ƙofa riƙe da sandar rolar fenti. Na ce in mutum ne, yau sai ya faɗa mini wanda ya aiko shi. In kuma ba mutum ba ne, to ga taga nan kusa.

Ɗakin fayau yake, babu komai sai sawun ƙafafun gado huɗu a ƙasa. Ina ƙoƙarin kada in dube su, idona na komawa.

Can sai na ji ƙarar mukulli a ƙofar baya. Ƙyas. Ƙofar ta yi ƙara a hankali, aka mayar aka rufe. Sai jan ƙafa, ba taku ba, ja, da wani ɗan sauti na tafin hannu yana mannewa da ɗanyen fenti yana ɓanɓarowa. Yana matsowa. Ƙamshin man zafi ya riga shi isowa.

Wallahi na so in gudu. Ƙafata ɗaya har ta juya wajen taga. Abin da ya riƙe ni kawai, na hango kaina a gaban matata ina ba ta labari, ita kuma tana kallon ƙasa. Na danne sandar a ƙirji na tsaya, zufa na shiga mini ido.

Hannu ne ya fara leƙowa, fari fat da fenti, yana lalube a jikin ƙyauren. Sannan mai hannun ya shigo. Wani tsoho ne dogo, ramamme, cikin farar riga, idanunsa a buɗe amma sun yi fari, ba sa kallon komai. Ya tako zuwa tsakiyar ɗakin, daidai inda gadon yake a da, ya tsaya. Sai ya karkata kai wajena.

Ya ce, "Tsohuwa? Ke ce?"

Na ƙanƙame sandar.

"Na ji numfashinki. Kwana huɗu ina zuwa kina ƙyale ni." Ya juyo sosai wajena. "Ki yi haƙuri. Ba ni na ce a sa haya ba, yaran ne suka matsa. Na ce musu ba za ki so ba. Ki yi mini faɗan in za ki yi, amma ki mayar mini da igiyata. Jiya sai da na ƙume goshi."

Na dubi goshin, ga ƙullutu nan kuwa ya tasa. Sandar ta suɓuce daga hannuna ta faɗi, ya zabura. Ya miƙo hannun nan mai fenti wajena, yana murmushi, yana matsowa. Ban taɓa jin nauyin buɗe baki irin na ranar ba.

Na ce, "Baba, ni ne. Mai fenti ne."

Hannun ya tsaya a iska. Ya daɗe a haka kafin ya sauke shi.

"Ai na ji tafiyar babur ɗinka."

"Dawowa na yi da ƙafa, Baba. Na ɗauka wani ne ke yi mini shaƙiyanci. Igiyar ma ni na cire. Haka muke yi kafin mu shafa, ban san ta mece ce ba."

Ya ce, "Hancina lafiya lau yake, yaro, na san ana fenti. Amma na ce a raina, wane ɗan Adam ne zai ga igiyar makaho ya tsinke? Sai na ce to ita ce ta yi fushi."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na juya bokiti na zaunar da shi, na ɗebo ruwa ina wanke masa hannu, shi kuma yana magana kamar ba da ni yake ba. Shekara goma sha ɗaya da idonsa ya tafi, ita ta kafa ƙusoshin nan da hannunta, ta ƙi yarda a kira kafinta. Yanzu yana gidan 'yarsu, nan bayan katanga, ƙofa na kallon ƙofa. In 'yar ta tafi aiki, ya ji gidan nan ya yi shiru, sai ya zaro mukullinsa da ya ɓoye, ya zo ya ɗan zauna ya ba tsohuwar labarin abin da ake ciki. In zai koma sai ya wanke hannu a famfon baya don kada a gane.

Na ce, "Ka yafe mini, Baba."

"Ba komai. Aikinka ka yi."

Na kama hannunsa na raka shi ta lungun, na tsallakar da shi har bakin ƙofar 'yarsa. A nan ya tsaya, ya laluba aljihu, ya ciro mukullin ya danƙa mini.

"Ungo, ka ba su. Jibi ai wasu ne a ciki." Ya dafa ƙyauren. "Ka san da na ji numfashin nan, daɗi na ji. Na ce ko zagina ta zo yi, ai dai ta zo."

Na koma gidan ni kaɗai, na rufe ƙofa. Ban kunna rediyo ba. Na shafe lungun, na shiga ɗakin ƙarshe na yi masa shafi biyu, har da ƙuryar da gadon yake. Ina yi ina kasa kunne, wannan karon ba don tsoro ba, don in ji ko da wani abu da zan iya zuwa in faɗa wa tsohon. Ban ji komai ba sai ƙarar rolata.

Ranar Juma'a da yamma Yaya ya zo duba aiki, Shokin na biye da shi yana leƙe ta bayan kafaɗarsa. Yaya ya shafa bango, ya leƙa ɗakuna, ya gyaɗa kai. Ya ce akwai wani gida ranar Litinin, in zo da wuri.

Shokin ya ce, "Farar Kura, tsakaninka da Allah, ka gan ta?"

Na miƙa wa Yaya mukullai biyu, nawa da na tsohon.

Na ce, "Babu kowa a gidan nan. Mijinta ma kullum sai ya zo nema, bai same ta ba."